Shafinmu na kilishi ba ya fitowa a Google: me za mu rubuta a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina mai kilishi ne, daga Madawa ya taho Yamai da sana'ar, rumfarmu tana Bukoki. Bara na matsa masa har muka biya jika 150 aka yi mana shafin intanet. Yau wata takwas ke nan, in na rubuta “kilichi Niamey” a Google ba na ganinmu, sai in na rubuta adireshin shafin gaba ɗayansa. Wanda ya yi mana aikin ya ce mu riƙa ba shi jika 40 duk wata, zai kai mu layin farko. Wani abokina kuma ya ce in rubuta kalmar kilishi sau hamsin a shafin, shi ke nan. Baba ya fara cewa na zuba kuɗinsa a kogi. Mece ce gaskiyar lamarin, kuma me ya kamata in rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaida mini Baba, ka ce masa kuɗinsa ba su bi ruwa ba tukuna. Rumfa aka kafa muku, aka shafa mata fenti, sai dai ba a zuba kaya a ciki ba.

Na buɗe shafin naku da wayata kafin in zauna rubuta wannan amsa. Hoton farko ya daɗe bai gama sauka ba. Da ya sauka sai ga “Bienvenue sur notre site” da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa an ce inganci kuka sa a gaba, gamsar da mai saye kuma shi ne burinku. Na ƙirga kalmomin shafin duka, ba su kai 60 ba. Sunan Yamai bai fito a rubuce ko sau ɗaya ba, Bukoki ma haka. Lambar waya da farashi suna cikin wani hoton talla da aka manna, irin wanda ake sawa a WhatsApp. To cire hotunan ka sake karantawa. Wannan rubutu zai dace da mai sayar da taya, zai dace da likitan haƙori, zai dace da makarantar koyon tuƙi. Ta ina Google zai san kilishi ake yi a nan, balle ya san a wane gari?

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don da yawa daga kuɗin da ake ci wa ƴan kasuwa a kan rashin sanin wannan ake cinsu. Google yana da wata manhaja mai suna Googlebot, ni gizo nake ce mata, tunda a kan yanar intanet take yawo. Tana bin mahaɗi, wato wurin da ake latsawa ya kai ka wani shafi, daga wannan shafi zuwa wancan, tana karanta rubutun da ta tarar, tana kaiwa rumbu. Lokacin da mutum ya rubuta abin da yake nema, ba a sannan Google ke fita yawon duniya ba. Rumbun yake buɗewa, ya duba wane shafi ne a ciki ya fi amsa abin da aka tambaya. Ke nan abu biyu ne a gabanka. Shin kuna cikin rumbun? In kuna ciki, akwai amsar wata tambaya a shafinku?

Na farkon yana da sauƙin dubawa. Rubuta site: a wurin nema, ka manna masa adireshin shafinku ba tare da tazara ba. In ya jero shafukanku, kuna ciki. Na gwada da naku, shafi ɗaya ya fito, wato gizo ya zo ya gani. Akan samu wasu da ko ɗaya ba ya fitowa, kuma sau da yawa dalilin ƙarami ne: a WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, akwai wani ɗan akwati da ake latsawa lokacin da ake gina shafi don a hana injinan nema shigowa, sai a gama aiki a manta da shi a latse. Na taɓa samun wani mai kayan sola da ya shekara yana jiran Google alhali ƙofar a kulle take ta ciki. Ku wannan bai same ku ba. Duk da haka ka buɗe Google Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a nema, kyauta ne, da adireshin Gmail naka kai kanka, kada na wani. Zan dawo kansa.

Shawarar abokinka kuwa, ba ƙarya ya ƙirƙira ba, tsohon labari ne ya ji. Akwai zamanin da maimaita kalma ke ɗaga shafi, har wasu na rubuta ta da farin baƙi a kan farin shafi don inji ya gani mutum bai gani ba. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998 ake wannan wasan ɓuya tsakanin kamfanin da masu dabara. A 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya kallon jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi don injinan nema. A watan Fabrairun 2011 ya kawo gyaran da ake kira Panda, wanda ya durƙusar da shafuka masu rubutu maras nama. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, ya auka wa masu sayen mahaɗi da masu cusa kalmomi. A 2019 aka shigo da BERT, tsarin da ke duba jimla gaba ɗayanta don ya gane nufin mai tambaya. A Agustan 2022 kuma aka ƙara wani gyara da ke fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane a kan wanda aka yi don a burge inji. Yau cusa kalma yana cikin abubuwan da dokokin Google suka lissafa a matsayin maguɗi. Ko da ma bai hukunta ka ba, ka yi tunanin mai saye ya buɗe ya ga “kilishi Yamai, kilishi mai kyau Yamai, sayi kilishi Yamai”. Zai ɗauka wani abu ya taɓa mai shafin.

To me za ka rubuta? Rubutun yana hannunka tuni, ba ka lura ba ne. Buɗe WhatsApp ɗin da kuke ciniki da shi, ka koma baya wata uku, ka ɗauki takarda ka riƙa rubuta duk tambayar da wani ya yi muku kafin ya saya. Sannan ka zauna a rumfa kwana biyu, kunne a buɗe. Zan iya cankar wasu tun daga nan. Nawa ne kilo? Na jika biyar zai kai yaya? Naman sa ne ko na rago? Akwai marar yaji, don yara ko mai ciwon ciki? Kwana nawa yake yi bai canza ba? In na saya yau zan iya kai shi Abijan? Kuna aikawa Tawa, ko Damagaram, ko Agadas? A wace mota, kuma wa ke biyan kuɗin aike? Kuna karɓar kuɗi ta Nita ko Amana? Za ku iya yin na biki, kilo ashirin, nan da Juma'a? Baba yana amsa waɗannan sau goma a yini, da baki. Kai ma kana amsawa da saƙon murya. Duk wannan ilimi yana tafiya a iska, domin Google ba ya jin saƙon muryar da ke cikin WhatsApp, abin da ka sa a status kuma bayan awa 24 ya ɓace. Mutumin da bai san ku ba, irin waɗannan tambayoyin yake rubuta wa Google. Aikinka shi ne ka sauke amsoshin Baba daga baki zuwa rubutu, a wurin da gizo zai same su.

Kada ka tara su duka a shafi guda. Kowace babbar tambaya ka ba ta ɗakinta. Shafi ɗaya na ire-iren kilishi da farashinsu. Ɗaya na aike zuwa wasu garuruwa. Ɗaya na odar biki, suna da taro. Ɗaya na yadda ake adana shi. Ɗaya na labarin gidan: wane ne Baba, a wurin wa ya koya, wace shekara ya zo Yamai. Dalili shi ne Google shafi-shafi yake jerawa, kuma shafin da ya tsaya a kan magana ɗaya ya fi wanda ya taɓa komai sama-sama. Shafuka biyar ko shida masu nama sun ishe ku a shekarar farko.

Bari in daɗe kaɗan a kan na ire-iren kilishi, don a nan ake gane wanda ya san abu da wanda ya kwafo. Kai ka tashi ka ga ja da fari da rumuzu, ba ka taɓa tunanin suna buƙatar bayani ba. Ma'aikacin da ya zo taro daga Dakar ko Wagadugu, yana neman tsarabar da zai koma da ita, bai san ko ɗaya ba. Ka gaya masa bambancinsu, wanne ya fi yaji, wanne ya fi daɗewa, wanne Baba ke ba wanda bai taɓa ci ba. Ka faɗi daga wane sashen dabba kuke yankar naman, yadda ake feɗe shi ya yi faɗi kamar takarda, yadda ake shanyawa, abin da ke shiga cikin labu ba tare da ka tona sirrin gida ba, da yadda ake gasawa a ƙarshe. Ka faɗi abin da damina ke yi wa shanya da yadda kuke bi da ita. Wanda ya zauna a ofis ya haɗa rubutu daga abin da ya tsinta a intanet ba zai iya kawo wannan ba. A ƙarshen 2022 Google ya ƙara abu guda a cikin ƙa'idojin da masu auna masa ingancin shafuka ke bi, wato ko mai rubutun ya taɓa yin abin da hannunsa. Mutumin da ya shekara talatin a gaban wuta yana da abin da manyan shafuka ba su da shi. Amma sai an rubuta.

In rubutun yana yi maka nauyi, ga yadda nake yi da masu sana'a: in kunna naɗar murya a waya, in ajiye, in yi ta tambaya kamar baƙon da bai san komai ba. Da dare in saurara in rubuta. Kada ka goge maganar Baba ka mayar da ita Faransancin takardar ofis. Inda ya ce a ajiye shi nesa da laima, kada a rufe shi a leda yana da ɗumi, haka za ka rubuta.

Batun farashi na san za ku yi gardama da Baba. Ɗan kasuwarmu ba ya son rubuta kuɗin kaya, don yana son a taya, kuma ba ya son maƙwabci ya gani. Maƙwabci ya riga ya sani, yaro zai aiko ya tambaya. Wanda bai sani ba shi ne mai sayen da ke kwance a ɗakin otal a Plateau da ƙarfe goma na dare yana duba waya, kuma in bai ga kuɗi ba zai wuce wurin wanda ya rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kuna tsoron tashin kuɗin nama, ku rubuta “daga kaza”, ku sa watan da aka sabunta. Abin da ba na so shi ne farashin bara ya kwana a shafi har bana. Wannan ya fi rashin sawa muni, don da rigima ake fara cinikin.

Yanzu maganar kalmomi, wadda a ƙasarmu ta fi ta wasu wurare sarƙaƙiya. Abu ɗaya kuke sayarwa amma sunansa biyu a rubuce. Wanda ya yi lakwal da Faransanci “kilichi” zai rubuta. Bahaushen Sakkwato ko Kano da ya shigo Yamai “kilishi” zai rubuta. Garin ma haka: Niamey da Yamai, Tahoua da Tawa, Zinder da Damagaram, Madaoua da Madawa, Boukoki da Bukoki. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancin mutane ba sa sawa saboda allon rubutun wayarsu na Faransanci ne. Kada ka zauna kana hasashe. Fara rubuta “kilichi” a wurin nema ka tsaya, ka ga abin da Google ke ƙarasa maka. Waɗannan daga neman da mutane ke yi suke fitowa. Ka sake da “kilishi”. Ka gangara ƙasan sakamakon ka karanta sauran tambayoyin da yake nunawa. Minti talatin na wannan ya fi duk jerin kalmomin da wani zai sayar maka.

Shawarata ita ce kowane muhimmin shafi ya zama biyu, na Faransanci da na Hausa, kowanne da adireshinsa, da mahaɗi tsakaninsu. A na Faransanci ka yi amfani da kilichi da Niamey, ka ambaci ɗaya rubutun sau ɗaya a inda ya dace. A na Hausa ka juya. Kada ka cakuɗa harsunan biyu layi-layi a shafi guda, yana rikita mai karatu, yana rikita inji. Wasu za su ce maka rubutun Hausa ɓata lokaci ne, masu kuɗi da Faransanci suke nema. A yau akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman a Yamai. Amma ka gwada neman wani abu na kasuwanci da Hausa ka ga yadda filin yake fayau. Labarai da wa'azi da waƙa sun cika, shafin ɗan kasuwa da ke bayanin kayansa da Hausa kuwa sai an tona. Inda babu cunkoso, ƙaramin shafi ma yana hawa. Kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ga kuma kasuwar Arewacin Najeriya a maƙwabta. Ni dai ba zan bar wannan fili ba da ni ne. Sai dai ka rubuta Hausar da kanka. Google Translate yana da Hausa tun 2013, yana da amfani in kana son gane abin da aka rubuta maka, amma Bahaushe na karanta layi biyu zai ji ƙaurin fassarar inji, kuma wanda ya ji haka ba zai aiko da kuɗinsa ba.

Wurin da kalma ta fi nauyi shi ne taken shafi, wannan shuɗin layin da ake latsawa a cikin sakamakon Google. Naku yanzu “Accueil” ne kawai. Mayar da shi wani abu kamar “Kilichi à Niamey, Boukoki : prix et livraison”, na Hausa kuma “Kilishin Madawa a Yamai: farashi da yadda ake aikawa”. Ka tsaya wajen baƙaƙe 60, in ya wuce ana datse wutsiyar. Kowane shafi da nasa taken, kada biyu su zama iri ɗaya. Ɗan bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin take ba ya ɗaga matsayi da kansa, wani lokaci ma Google yakan ajiye naka ya ɗauko wani layi daga cikin shafin, amma shi ke sa a latsa ko a wuce, don haka ka rubuta shi kamar yadda za ka amsa wa wanda ya tsaya a bakin rumfa yana sauri. Jimlar farko ta shafin kuma ta ba da amsa nan take. In shafin aike ne, fara da garuruwan da kuke aikawa da kwanakin da kaya ke yi a hanya. Gaisuwa da tarihi su biyo baya. Tsawon rubutu kada ya dame ka. Google ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da wani adadin kalmomi da ya fi so. In amsa ta ƙare a kalma 200, ka tsaya.

Akwai wata dabara da na tabbata wani zai kawo maka: a yi shafin “kilishi a Dosso”, “kilishi a Dogon Dutsi”, “kilishi a Ƙonni”, “kilishi a Tawa”, rubutu ɗaya, sunan gari kawai ake canzawa. Wannan ma yana cikin jerin maguɗi. In da gaske kuna aikawa Tawa, to akwai abin faɗa na gaske: tafiyar kusan kilomita 550 ce, ga kamfanin motar da kuke ba wa saƙo, ga lokacin da ya kamata a yi oda don ya kama motar safe, ga yadda ake naɗe shi, ga wanda zai je tasha ya karɓa da abin da zai nuna. Wannan shafi ne. In babu abin faɗa dabam, layi ɗaya a cikin shafin aike ya isa.

Kuma ka rubuta gaskiya ko da ba ta kawo ciniki a ranar. Misali, za a tambaye ku ko ana iya shiga jirgi da kilishi zuwa Faransa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama ko abin da aka yi da nama daga ƙasashe irin namu a cikin kayansa, Amurka ma tana da tsauri a kan haka. In ka rubuta wannan a fili, ka ce wa mutum ya bincika dokar ƙasar da za shi kafin ya saya, wataƙila ka rasa cinikin kilo biyu. Amma mutane na neman amsar wannan tambaya, kaɗan ne suka rubuta ta, kuma wanda ka tsirar daga a ƙwace masa kaya a filin jirgi ba zai manta sunan rumfarku ba.

Sai abin da, a ganina, zai fi saurin kawo muku mutum fiye da shafin kansa, kuma ko dala ba a biya: Google Business Profile. Shi ne ke sa rumfa ta fito a taswira in an nemi abu a kusa. Google ya ce abubuwa uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, nisa daga mai nema, da sanuwar wurin. Nisa ba ka da iko a kai. Sauran biyun kana da shi. Sa sunan rumfa na gaskiya kamar yadda yake a allo, kada ka cusa masa kalmomi, suna iya dakatar da kai a kan haka. Dasa alamar a daidai ƙofarku, ka tsaya a wurin da waya ka tabbatar. Sa lokutan buɗewa na gaskiya, har da rufewar Juma'a da canjin watan azumi. Da yake a Yamai ba da lambar gida muke neman wuri ba, ka rubuta kwatance a shafinku kamar yadda kake yi wa mai taksi: daga kasuwar Katako a bi ta ina, a juya a wane kanti, kusa da wane masallaci. Suna da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina, a taswira, a shafi, a Facebook, lambar kuma da +227 a gabanta saboda na waje. Duk wanda ya saya ya dawo yana yabo, ka roƙe shi ya rubuta a can da kalmominsa. Kada ka saya, kada ka ba da kyauta a kai, kada ka tara abokai su rubuta cikin dare ɗaya. An hana, kuma ana ganewa.

Hotuna: gani ya kori ji, amma ku ɗauki naku. Hoton da ke saman shafinku yanzu na ga irinsa a wasu wurare, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ɗauki na shanya da safe, na hannun Baba yana shafa labu, na ƙunshin da ya shirya tafiya. Ka rage nauyinsu kafin ka ɗora, don hoton waya yakan kai mega uku ko huɗu, mai forfen yini ɗaya kuma ba zai jira ba. Google ma yanzu fuskar shafi ta waya yake dubawa wajen jerawa. Kowane hoto yana da gurbin da ake rubuta abin da ke cikinsa, ka cika da jimla ɗaya. Farashi da lamba kuma ka fito da su daga cikin hoton talla, su zama rubutu na gaske da za a iya latsawa a kira.

Manhajojin da ke rubutu da kansu, irin ChatGPT, za ka iya amfani da su su gyara maka Faransanci ko su tsara abin da ka riga ka tara. Google bai hana ba, ingancin abin yake kallo. Amma in ka ce su rubuta maka “labari a kan kilishi” daga babu, abin da kowa ya samu kai ma za ka samu, kuma tun Maris na 2024 an tsaurara a kan masu zubo shafuka barkatai don neman matsayi. Manhaja ba ta san wace mota kuke ba saƙo ba.

Ka lura da lokaci. Shafi yana buƙatar makonni kafin ya zauna, don haka na tsarabar Sallah a rubuta shi tun kafin azumi ya kama, ba daren jajibiri ba. Gaba ɗaya kuma, Google ya taɓa ba da ƙiyasin wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin irin wannan aiki. A fili maras cunkoso irin naku yakan fi haka sauri, amma ka faɗa wa Baba wata shida don kada ya ƙirga maka kwanaki. A nan Search Console zai yi maka rana: bayan wata biyu zai nuna maka ainihin kalmomin da aka rubuta har shafinku ya bayyana, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka latsa. In ka ga ana nemanku da wata tambaya da ba ku amsa sosai ba, ga shafinka na gaba. A rumfa kuma ka riƙa tambayar sabuwar fuska, “A ina kika ji labarinmu, Hajiya?” ka rubuta a littafi. Wannan lissafin shi Baba zai yarda da shi.

Saura maganar jika 40 duk wata. Babu mai iya yi maka alkawarin layin farko, Google ma ya gargaɗi mutane a kan masu irin wannan alkawari. Abin da kuɗi ke saya kai tsaye shi ne talla, waɗanda ke fitowa a sama da alamar “Sponsorisé”. Ana biya duk latsawa, ranar da kuɗi suka ƙare kuma ka sauka. Halal ne, yana da ranarsa, amma ka san shi kake saya. Ban ce mutumin macuci ne ba, ban san shi ba. Tambaye shi kawai: a cikin wata, me za ka yi da hannunka? In ya ce zai zo rumfa ya ji bayani, ya rubuta shafuka kaza, ya gyara take, ya rage hotuna, ya nuna maka rahoton Search Console, to aiki ne, ku daidaita na wata uku ku gani. In ya ce zai samo muku mahaɗi dubu daga waje, ko ya ce sirrin sana'a ne, ka yi masa godiya. Mahaɗi ɗaya daga shafin wani otal na Yamai da ke tura baƙinsa wurinku, ko daga mai shirya abincin biki da kuke aiki tare, ko daga wata jaridar intanet ta gida da ta zo ta yi rahoto, ya fi dubun nan.

Kafin ma ku kai ga wannan magana, akwai abin da nake so ka tambaye shi gobe. Sunan shafin, wato adireshin, haya ake yi, galibi shekara-shekara, haka ma wurin da aka ajiye shafin. Kun ci wata takwas, saura huɗu. Da sunan wa aka yi rajista, kuma imel ɗin wa za a aiko wa sanarwar sabuntawa? In da sunansa ne, ka sa ya mayar da shi sunan Baba ko naka tun kuna shiri, ya ba ka kalmar sirrin shiga, ka canza ta a gabansa, ka rubuta ranar ƙarewar a bangon littafin bashi inda Baba ke dubawa kullum.